Direban da Ba Shi da Mota

Daren Laraba na rufe shagona a Garwa,
kwamfuta ta ce tana sabuntawa,
kada a kashe ta.
Na ce, to, yi wankanki, sai da safe.

Da safe allo baƙi ƙirin,
gindin tukunya ya fi shi haske.
Fanka na juyawa, fitila na ƙiftawa,
rai na nan, ido ne ya tafi.

A ƙofa yara goma sha bakwai,
'yan jarrabawa, kowa da dala ɗarinsa a tafi,
hoto huɗu-huɗu suke so,
gobe a rufe rajista.

Na zare waya, na hura bakinta, na mayar.
Na kashe, na kunna.
Na kashe, na kunna.
A na uku hoto ya leƙo:
Hamajoda, wanda na ɗauka jiya,
kore shar kamar miyar lalo,
kunne ɗaya a gabas, ɗaya ya haye Binuwai,
layuka sun keta kumatunsa,
tsagen da danginsa ba su san da shi ba.

Na kwance ƙusoshi, na ciro katin hoto,
na goge shi da tsohon buroshi,
na shinshina ko ya ƙone.
Bai ƙone ba. Ni ne nake ƙonewa.

Sai ga Astajam, 'yar telan da ke gefena,
ta zo hutu daga Ngaundare.
Ta leƙa, ta ce, Baffa, katinka ƙalau yake,
direba ne.
Na ce, yarinya, ni ko keke ba ni da shi.
Ta yi dariya har ta riƙe ƙyaure.

Ta shiga ta ƙofar baya,
inda rubutu ke fitowa ƙato-ƙato
kamar allon 'yan aji ɗaya.
Ta sallami baƙon direba,
wanda ya zo cikin dare bai san hanya ba,
ta taso tsohon daga inda aka jingine shi.
Allo ya ɗauke. Na riƙe numfashi.
Ya ƙifta sau biyu,
Hamajoda ya dawo da baƙinsa mai kyau,
kunnuwa a mazauninsu.

Na miƙa mata na goro, ta ƙi,
sai dai hoto huɗu kyauta, in ji ta.
La'asar sakaliya almakashi ya yanke na ƙarshe.

Jiya ma kwamfutar ta sake roƙo,
wai tana son sabuntawa.
Na ce, ki zauna da dattinki,
sai Astajam ta dawo hutu.