Rufi Ɗaya, Gida Biyu

A unguwarmu ta kan tudu, a Porto,
gidaje sun jingina da juna
kamar tsofaffi a layin asibiti.
Ni da Dona Ermelinda
bango ne ya raba mu a ƙasa,
a sama kuwa jan tayil ɗaya, indararo ɗaya,
da rundunar tantabara.

Shekara talatin da ɗaya ina tuƙa tarago a bakin kogi,
ina riga ƙararrawar coci tashi.
Na ce in na aje aiki zan rama barci.
Ina! Ƙarfe biyar sun fara.

An ce kukan kurciya jawabi ne.
Na waɗannan zaman majalisa ne,
kowa na magana, ba mai saurara.

Farar rigata ta Lahadi
ta dawo daga shanya da lambar girma uku a kafaɗa.
Tsintsiya ta ƙare, ƙugu ya ƙage,
kullum ni ne a shara.

Na sayo mujiyar roba a shagon Belmiro,
idonta kamar na mai karɓar haraji.
Kwana biyu suka ba ta girmanta.
Ran na uku na leƙa:
ɗaya a kanta, ɗaya a kafaɗarta,
suna hira.

Na kafa ƙayoyin ƙarfe daidai rabona,
ko tayil ɗaya ban ƙetare ba.
Suka matsa taku biyu zuwa nata,
suka juyo mini baya.
Shi kuwa ruwan sama bai san iyaka ba,
duk abin da suka aje ya kwaso,
ƙofata ya gangara.

Wata asuba na kama mai laifi:
hannu ne ya fito ta ƙaramar tagar sama,
siriri, da zobe biyu a yatsa ɗaya,
yana watsa masara.

Na buga ƙofarta da jawabi a bakina,
tun a matakala na haddace shi.
Ta ce, “Albano, shigo, kofi na kan wuta.”
Ga hoton Custódio a bango,
ga kofunan tseren tsuntsayensa sun yi ƙura.
Jawabina ya narke tare da sukari.
“Akwai mai zobe a ƙafa,” in ji ta,
“ita kaɗai ta rage cikin nasa.
Sauran 'yan cin arziki ne.
To ta yaya zan ware ɗaya in kira?”

Sai Nuwamba ta zo da ruwan kwana tara.
Gashi da tsinke suka toshe indararo.
Da dare ina jin ɗigon bokitinta ta bango,
nawa yana amsa masa,
silin ɗinta da nawa kowanne ya zana taswira.

Da rana ta fito, ta riƙe mini tsani,
tana faɗa wai nauyina ya fi hankalina.
Na kwashe bokiti huɗu na abin da ba a faɗa.
Da na sauko muka zauna a dakali,
a bayan takardar kuɗin wuta muka rubuta:
ita ta kai masararta dandali, gun famfo,
ni in cire ƙaya, in ƙera akwati ɗaya
jikin bututun hayaƙi, don mai zobe.
Kuɗin silin kuwa rabi da rabi,
in an samu mai gyara.

Ta sa hannu, na sa hannu.
Su dai ba su sa ba.
Yau da safe na ƙirga goma sha bakwai,
jiya ashirin ne, ban sani ba ko ci gaba ke nan.
Mai zoben ta ƙi akwatin,
a kan mujiya take kwana.
Ermelinda ta ce a ba ta lokaci,
haka mijin ma yake, sai an jira.