Hannun Hagu, Iquitos

Ruwa ya kwana yana dukan kwanon asibiti,
ni kuma na kwana ina ƙirga numfashin mutane.
Ashirin da takwas. Talatin da biyu. Talatin da shida.
Muna shekara ta biyar a karatun likita
aka rufe ajinmu, aka buɗe mana wannan ɗaki,
aka ce kowa ya riƙe abin da hannunsa zai iya.

Babu titin da ya haɗa garinmu da sauran ƙasa.
Komai ta kogi yake zuwa, ko ta sama,
har iskar da ake ɗurawa a tukwanen ƙarfe.
Na ga mace ta mirgino tukunya guda tun daga Belén,
tana isowa ƙofa, gumi har idon sawu,
ta tarar gadon mijinta ya yi sabon mai shi.
Ni aka tura in faɗa mata.
Ba mu kai wannan darasi ba.

Na haddace ƙasusuwa ɗari biyu da shida,
na san jijiyar da ke ratsawa ta bayan kunne,
amma abin nan da ya tare a ƙirjina
tun ranar da muka ja mayafi kan fuskar Likita Pinedo,
wanda ya koya mini sauraron huhu,
ban same shi a shafi ko ɗaya ba.

A gida, Mama kan ajiye kifi a ganye da dafaffiyar ayaba
kan matakala ta uku, ta koma ta tsaya daga nesa.
Kwana saba'in rabona da taɓa ta.
Ina wanke hannu har fata ta tsage,
in kwanta, in ji ƙarar na'ura a cikin kukan kwaɗi,
in zabura, in sake wankewa.

Edinson, da ya fi mu duka kai,
ya rataye farar rigarsa a ƙusa ranar wata Talata.
Yanzu yana zaune a kwalekwalen babansa, ba ya kamun komai.
In na rubuta masa, sai ya ce lafiya lau.
Ni ma haka nake cewa.
Wanzami dai ba ya son jarfa.

Daren jiya, ƙarfe uku, a gado na sha ɗaya,
na kama hannun tsoho Abelardo Yahuarcani, masunci,
ina neman bugun jininsa.
Sai ya juya tafinsa ya kama nawa, na hagu,
ya ɗora yatsu biyu daidai inda ya ga ina ɗorawa,
ya lumshe ido kamar mai jiran motsin ƙugiya.
Ta cikin robar da ke bakinsa ya ce,
"'Yar likita, naki ya fi nawa gudu.
Wa ke duba ki?"

Na yi dariya a bayan takunkumi.
Gilashina ya yi hazo, na ce zafi ne.

Akwai wata takarda manne a bayan ƙofar banɗaki,
lambar waya, an ce don ma'aikata masu damuwa.
Na wuce ta sau ɗari, har gefenta ya naɗe.
Da asuba, ruwa ya tsagaita, kekunan haya sun fara kuka,
na zauna kan juyayyen bokiti, na danna.

Wata murya ta ce, "Ina jin ki."
Ni da nake jero tarihin majinyaci ba gargada,
na rasa bakin zaren.
Sai na fara yadda aka koya mana:
Marleni Tapullima, shekara ashirin da uku,
ta zo da rashin barci,
da...

"Ci gaba," in ji ta. "Ba sauri nake ba."