Gado na Bakwai

A lakwal mun fara da mutum-mutumin roba,
muka raɗa masa suna Ɗan Lami.
Ba ya tari, ba ya jin kunya.
Ka juya shi dama, ka juya shi hagu,
bai taɓa gode maka ba, bai taɓa zaginka ba.
Wata shida ina wanke wanda ba ya dauɗa.

Manjo Ramma ta ce: yatsu biyu, ban da babban,
nan gefen wuyan hannu, inda jini ke ƙwanƙwasa ƙofa.
Na koma gida Garin Malam,
na ƙirga na inna, saba'in da huɗu,
na ƙirga na ƙanena da ya dawo daga ƙwallo,
har akuyar maƙwabta sai da na laluba.

Sai daren gardina na farko a babbar likita.
Famfo ya ɗauke tun la'asar,
wa bai san halin Damagaram da ruwa ba?
Jarka biyu, gadaje goma sha biyu.

Gado na bakwai, Malam Kyari, mai haƙar rijiya daga Mirya,
rabin jikinsa ya yi tafiya ya bar shi.
Na zo da tasa da tsumma da sabulu.
Ya mai da fuska bango.
Da rabin bakin da ya rage masa ya ce:
Ɗan wane ne kai, da za ka ga tsiraicina?

Wannan tambaya ba ta cikin littafi.

Na ajiye tasar. Na ja labule.
Na ce: Baba, gaba nawa ake yi a wajenku
kafin a tarar da ruwa?
Shiru, har na ji sauro.
Can ya ce: Ya danganta da ƙasa.

Ya shiga rijiyar Droum da ta cinye masa wata uku,
ni kuma na shiga bayan kunne, wuya, hammata,
zane bisa abin da zane ya kamata ya rufe.
Da ya kai ga dutse, na kai ga gadon baya,
inda fata ta fara ja saboda kwanciya.
Ya ce: Yaro, kana ɓarnar ruwa,
matse tsumman nan sau biyu.
Na matse.

Asuba ta sauko bisa duwatsun Birni.
Na rubuta zafin jiki, na rubuta tansiyo,
na rubuta cewa ya sha koko ludayi huɗu.
Takardar ba ta da gurbin rijiyoyi.

Zan fita, ya cafke ni da hannun mai rai,
daidai inda Manjo ta nuna mana.
Gobe kai ne?
Na ce jibi.
Ya saki hannun ya ce:
To, sauran labarin sai jibi.