Tsinken Auduga

Kafin ladanin Agege ya gyara murya
na riga na iso karar Oko-Oba,
takalmin roba har gwiwa, akwatin ƙanƙara a kafaɗa.
Ruwan daren jiya ya dama kashin shanu da laka.

Tirela ta uku daga Potiskum take.
Kwana biyu a tsaye, ƙaho cikin ƙaho,
numfashin wannan shi ne iskar wancan.
Aka buɗe, suka sauko suna tangaɗi,
sai na ji shi:
tari busasshe, gajere,
irin na mai son magana a taro yana jin nauyi.

Wani bunaji ne, fari, mai baƙin kunne,
majina ta sako masa zare biyu,
haƙarƙari na aiki kamar zugazugin maƙeri.

Baba Gidado dillali ya gitta mini sanda:
"'Yar nan, gajiyar hanya ce.
Mahauta na ganin farar rigarki
za su zabge mini dubu hamsin."
Na ce, "Baba, ba kamu na zo yi ba,
hancinsa kawai zan yi wa tambaya."
Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba,
ya ce Tanimu ya riƙe ƙaho.

Tsinken auduga ya shiga, ya juya sau uku.
Bijimin ya yi mini atishawa a fuska.
Na karya tsinken a kwalba,
na rubuta: arba'in da bakwai.

Ubana ma shanu ya bi.
Shekarar da tari ya shiga garkenmu a Dambam
maruƙa tara muka ja zuwa bayan gari.
An yi turare, an jiƙa saƙe-saƙi,
wasu suka ce baki ne, wasu suka ce iska.
Iskar ce kuwa,
sai dai ba wadda suke nufi ba.

Agege zuwa Yaba ba nisa a takarda.
A danfo kuwa, ran Litinin,
Oshodi ta riƙe mu awa biyu cur.
Na rungume akwati kamar ɗan goye,
kwandasta na ihu, ni ina lissafi:
ƙwayar da ke ciki tana durƙusar da bijimi,
amma zafin mota ɗaya
ya isa ya share mana sawunta.

Dakta Morenike ta karɓa ta ƙirga.
Aka ɗauke wuta. Janareto ya yi nasa tarin,
sannan ya kama.
Ɗigo-ɗigo muka cika 'yan ramuka,
muka rufe na'ura,
muka zauna jira da gasasshiyar agada da gyaɗa.

Wajen la'asar layi ya fara tashi a allo,
siriri, kore, yana hawa kamar yaɗon kabewa.
Arba'in da bakwai. Sha biyu. Talatin da ɗaya.
Duk 'yan tirela guda.
Ita kanta ƙwayar ba mu gan ta ba,
sawu muka tarar,
kamar na kura a bakin rafi da safe.

Na kira Baba Gidado.
"Wanne? Mai baƙin kunne?
Ai tun hantsi ya zama nama,
yanzu haka yana tukunya a Mushin."
Ya yi shiru har na zaci layi ya yanke.
Sai murya ta dawo, ƙasa-ƙasa:
"Laraba akwai wata tirelar, ta ƙanena ce.
Ya ce maruƙan da ya bari a gida ba sa shan nono.
In za ki zo, ƙaro tsinken."

Na wanke hannu, na rataye riga.
A waje sama ta sake tsinkewa,
mutane sun cure ƙarƙashin gada
suna shaƙar numfashin juna.
Na koma ciki, na duba firiza,
na zuba ruwan ƙanƙarar Laraba.