Katin Tagulla

Na sayi mako guda a shekara,
ni Mutari, baduku a Zengo.
Wasu gona suke saye, wasu fegi. Ni mako.
Jika ɗari huɗu na ƙirga a tafin wani yaro mai farar riga,
kuɗin jakunkunan da na ɗinka
har basilla ta ci mini yatsa.
Ya ce: ɗaki naka ne, kwana bakwai kowace shekara,
a Dausayin Goruba, kan hanyar Mirya,
ga lilo, ga jirgin yara, ga tafkin wanka.
Tafki! A Damagaram,
inda famfonmu kan yi tari kwana uku kafin ya tofa.

Ya miƙo kati, launin tagulla.
Ban tambayi launin na wasu ba.

Saura wata biyu a ba 'yan lakwal hutu
na hau kabu-kabu zuwa wurin mai littafi.
Cima sunanta, yana rubuce a ƙirjin rigarta.
Ta lashi yatsa, ta juya shafi, ta sake juyawa.
Ta ce: masu zinariya kan zaɓi kwanansu tun saura wata goma,
masu azurfa wata shida,
ku kuwa sai saura kwana sittin.
Na ce: ai yau saura sittin cif, da yatsu na ƙirgo su.
Ta ce: haka ne, Baba, sai dai an riga ka.
Hutun duk ya cika.
Akwai mako a tsakiyar Oktoba.

Oktoba yara na aji.
Wa zai hau lilon, ni da gemuna?

Ta sa ni a layin jira, lamba goma sha bakwai.
Tun ranar wayata ba ta bar aljihun gaba ba,
ko alwala zan yi sai na jingine ta a gabana.
Sau biyu ta yi ƙara.
Na farko mai bina kuɗin fata,
na biyu su ne, suna tuna mini kuɗin gyaran shekara.

Fasuma, autata, ta riga ta shaida wa duk layinmu
za ta kwana inda ruwa ke zubowa daga rufi in ka murɗa.
Ta ƙulle kayanta a ɗankwalin uwarta tun ran Laraba.
Na rasa bakin da zan ce ta kwance.

Ran Asabar na biya kuɗin ƙofa kamar kowa, jika-jika,
katina na kwance a aljihu, bai ce uffan ba.
Muka hau babban lilon nan mai juyawa.
Ya ɗaga mu har muka wuce kan dabino,
na hango duwatsu can wajen gari
kamar raƙuman da suka gurfana.
Ita ƙasa take kallo.
Baba, ta ce, ƙirga.
Ɗaki goma sha biyu a jere bakin tafki,
uku ne kaɗai da takalma a ƙofa.

Mai shara ya faɗa mini da muka sauko:
wani mai zinariya ne daga Yamai
ya kama tara, ko da iyalinsa za su yi sha'awar zuwa.
Ba su yi ba.
Kullum ana canza zanen gado,
ana kunna wa bango sanyi.

Na nufi Cima da maganata a baki,
sai na ga jarka biyu a bayan kujerarta,
za ta cika su a famfon wurin
ta ɗaure a babur in an tashi.
Na haɗiye.
Na ce: rubuta mini Oktoban.

Zan je da fata da zare da basillata,
in zauna bakin tafkin
in ɗinka kuɗin gyaran baɗi.
Takalmana zan ajiye a ƙofa,
da tsofaffin na Fasuma, waɗanda maɗaurinsu ya tsinke,
saboda wanda ke bisa lilo yana ƙirga.