Kafar Allura

Saura kwana tara Sallah,
shagona a Tudun Wada ya cika har bakin ƙofa:
shadda goma sha bakwai, atamfa ban ƙirga ba,
kowane ƙulli da muryar mai shi a ciki, yana kirana.

Waya na kuka. Mai haya ya aiko yaro.
Barira na kwance a Shika, ana jiran kuɗin magani.
An ɗauke wuta tun hantsi.
Kaina ya zama Kwangila da yamma,
kowa na danna hon, ba mai matsawa.

Na ɗinka hannun riga a wuya.
Na farke. Na sake ɓatawa.

Sai na tuna Baba Ilu, maigidana,
ranar da na haɗa zare uku ina cusa wa allura.
Bai yi faɗa ba. Ya lashi bakin guda ɗaya,
ya miƙo mini. Karatun ke nan.

Na jefa waya aljihun tebur.
Da allin tela na rubuta a bango:
Barira tukuna.
Sannan wanda na ce wa "to" da bakina.
Saura, haƙuri.

Ƙulli shida na mayar da ƙafata, gida-gida,
har Ƙofar Doka. Wata ta wanke ni tas.
Na shanye, ban mutu ba.

Bayan isha'i na dawo daga asibiti,
na kunna fitila, na taka keke.
Ga ƙarar da na manta:
ɗinki ɗaya, yana bin layinsa
har bakin ƙyalle.