Layi na Sha Bakwai

Ni ke riƙe da littafin albashi
a masana'antar takalma ta Felgueiras,
can saman bene, inda warin gam ke hawowa kafin mutane.
Delfina mai ɗinki tana layi na sha bakwai,
Abílio mai yankan fata yana bin ta a ƙasa.
A takarda tazararsu ba ta kai faɗin yatsa ba,
a kasuwa ta kai kifi da man zaitun na wata guda.

Da doka ta zo, da hannuna na goge tazarar.
Ranar Delfina ta hawo da kek a faranti,
cikinta wata shida, tana haki, tana dariya:
"Ermelinda, in da sauran sifili a ƙara min."

Maigida bai ja da doka ba.
Gilashi ya sa wa takardar, ya rataye ta a bango.
Agogo kawai ya taɓa.
Aikin safe ya koma ƙarfe shida,
gidan renon yara kuwa sai bakwai da rabi yake buɗe ƙofa.
Ba a kori kowa ba.

Awarta daidai da awarsa, ko ƙwandala babu bambanci.
Nasa arba'in a mako,
nata ashirin, sai sha biyu,
sai na daina rubuta sunan.

Kada a ce na zagi dokar.
Graciete, wadda 'ya'yanta suka girma,
da ƙarin ta gyara rufin da ya shekara shida yana yoyo.
Amma na ga maigida da 'yan mata masu neman aiki,
bai duba ɗinkinsu ba, yatsan zobe ya duba.

Jami'in bincike ya zo cikin ruwan sama,
ya bi layi-layi da bakin biro, ya ce madalla.
Bai yi ƙarya ba.
Sikeli abin da aka ɗora masa yake aunawa,
wadda ta sauka, bai san nauyinta ba.

Yanzu a kicin take ɗinka mana, ta hannun dillali,
ana biyanta da ƙidayar takalmi,
ƙafa ɗaya a kan keke, ɗaya tana jijjiga gadon yaro.

Layi na sha bakwai ɗan 'yar'uwar Abílio ne a kai.
Ni kuma wata uku ke nan
ina zuwa aiki da kwat ɗin mijina,
ina cewa sanyi nake ji.